Ɗan'uwan Kowa

Ina cikin surfe motar masu kaki ta tsaya ƙofar gidan Baƙo, maƙwabcina. Na aje taɓarya na fito, don tun da soji sunka karɓi mulki mota ba ta tsayawa unguwarmu kan alheri.

Baƙo Kirista ne, shi da matatai Ladi, su kaɗai duk wanga gefe na Filingue. Katanga guda ta raba mu. Ni Habsa in yi sallata, shi Lahadi shi yi waƙoƙinai, ba mu taɓa sa-in-sa ba. Halinai guda ke ba ni haushi: kowa ya gani, "ɗan'uwana". Mai gawayi ɗan'uwanai ne, mahaukacin tasha ɗan'uwanai ne. Har randa ya girke ƙofar gida da moɗa, wai mai wucewa shi sha.

Kwanaki kahin zuwan motar, ya tsinci wani makiyayi bakin gonatai, kan hanyar Sanam, da harbi ga cinya. Ya ɗoro shi bisa amalanke ya kwantar zaure, Ladi na wanke ciwon.

Na ce, "Baƙo, wanga zamani ba a tsintar mutum. Ka san ko wane ne?"

"Inna Habsa, da na tsaya tambayar suna, da jininai ya ƙare."

To ga shi an jawo makiyayin waje, an yasar ƙasa. Kailu ɗan unguwarmu na tsaye jikin mota, Kailun da ya daɗe shina maitar gonar Baƙo. Nan na san wa ya kai tsegumi.

Babbansu ya nuna makiyayin da takalmi. "Ɗan ta'adda ne. Ka san shi?"

Na matsa ga Baƙo na ce ƙasa-ƙasa, "Ce ba ka san shi ba. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Baƙo ya dubi mutumen nan kwance, ya jima.

"Ɗan'uwana ne."

"Kun ji da bakinai," in ji babban.

Na ce, "Ranka shi daɗe, haka shike ce ma kowa. Kailu, hwaɗa musu, kai ma sau nawa ya kira ka ɗan'uwa?"

Kailu ya dubi ƙasa. "Ni ban taɓa ji ba."

"Tsohuwa, koma ga turminki," in ji babban. Sunka jefa su mota su biyu.

Sai bayan girbi anka sako Baƙo, shi kaɗai. Ƙafa ta kumbura, tari da jini. Na kai mai kunu.

Na ce, "Kalma guda ta kashe ka, wawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wani almajirin Ubangijina ya taɓa cewa bai san shi ba, Inna. Ban so in ƙara."

"Kailu fa? Ya shiga gonarka."

"Ki bar shi. Na yahe."

"Kai ka yahe."

Ranar Talata ya cika, da hantsi. Fastonsu da mutum ƙalilan sunka ɗauke shi. Duk waɗanda sunka sha randar nan, ba wanda ya leƙo, wai kada a ce su ma dangi ne.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ina da baki. Na je ga mai unguwa, na koma, zan ƙara komawa. Abin da nike so, a tara mutane a hwaɗi cewa Baƙo ba dangin 'yan ta'adda ba ne, a maida ma Ladi gonarta kahin damina. Kullum amsa guda: "Inna, bari ƙura ta lahwa. Masu kaki na da kunne." To su ji.

Jiya da azahar Kailu ya biyo layinmu daga gonar, ƙishi ya kama shi. Ya tsaya ga randar, ya waiga, ya ɗiba ya sha. Na miƙe zan yi magana, Ladi ta fito da tulu bisa kai. Ba ta dube shi ba. Ta jira ya aje moɗar, ta ƙara ruwa, ta rufe da faifai.