Akuyar Gwaggo a Ƙofar Yankari

Duk wanda ya san Isyaku mai kifi na bakin gadar Wudil ya san cutarsa, wato giwa. Mutum ya haura arba'in, ga iyali cike da gida, amma da an ambaci giwa sai ya ajiye wuƙa ya gyara zama. An sha ce masa ya je gidan zu na Kano ya huta, sai ya ce shi ta daji yake son gani, wadda ba a miƙa wa rake. Da kaka ta yi, abokansa biyu, Garzali tela da Yahuza mai faci, suka gaji da zancen, suka ce a hau babura a tafi Yankari ko kowa ya samu lafiya.

Tafiyar ta fara karkacewa ne tun daga Dagumawa, inda Isyaku ya je yi wa mahaifiyarsa sallama.

"Yankarin nan ta ina ake bi?" in ji Iya.

"Ta Ningi, Iya."

"Af! Ashe gidan gwaggonka Mas'uda za ka."

Kafin ya buɗe baki ta ƙulle daddawa da kuka ta ɗora masa.

Suka yi sammako. Garzali a gaba da ƙaton tabarau, Isyaku a tsakiya, Yahuza a baya yana roƙon Allah kada tayar kowa ta sace, don shi yau hutu ya fito. Hanya ta yi daɗi. Dawa ta nuna hagu da dama, iska na cika musu riguna. Suka tsaya a Birnin Kudu suka sha rake, suka yi musu kan wanda babur ɗinsa ya fi hayaƙi. Isyaku dai waƙa yake ta yi, da muryar nan tasa da ko matarsa ba ta yaba.

A Ningi ya rantse musu miƙa saƙo kawai zai yi ya fito. Bai san Gwaggo Mas'uda ba ke nan. Gaisuwa kaɗai sai da ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Aka kawo ruwa, aka dama fura, aka yanka zabo. Kafin tuwo ya sauka rana ta yi sanyi, dole suka kwana.

Da gari ya waye sai ga Gwaggo janye da akuya ja, mai ciki.

"Ka kai wa matar yayana. Amana ce."

"Gwaggo, da kin bari in mun dawo mu ɗauka."

"So kake ka bi wata hanya ka ce ka manta? Na san halin ubanka. Ɗaure ta."

Ba a mayar da hannun kyauta baya. Aka ɗaure akuya cikin kwando a bayan Isyaku, ta yi ta kuka har cikin Bauchi, yara na nuna su, Garzali na dariya har tabarau na zamewa.

A ƙofar Yankari dariya ta ƙare. Ma'aikacin ya karɓe su da fara'a, amma da ya ga kwandon sai ya girgiza kai, ya ce dabbar gida ba ta shiga dajin nan. Suka yi magiya, ya ce doka ce. Yahuza ya kawo shawarar a yanka ta, Isyaku ya galla masa harara. Garzali ya ce shi zai zauna da ita.

"A'a," in ji Isyaku. "Ni aka ba amana. Ku shiga, ku gano min."

Ya tsaya yana kallonsu har suka ɓace a cikin itatuwa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, sai da ya juya baya ya share ido.

Wani tsoho a kan keke, Malam Labaran, ya ji labarin, ya tausaya masa, ya ja shi bukkar gonarsa da ke bakin dajin. Ya ba shi inuwa da fura, ya nuna masa dawarsa da ta isa yanka, ya ce ita ce abincin gidansa na bana. Suka yi hira, suka yi sallar la'asar tare.

Can sai akuyar ta daina tuƙa, ta fara fisgar igiya. Wani reshe ya karye a ƙarshen gona. Isyaku ya miƙe.

Ga giwa nan. Ta fi duk yadda ya ƙiyasta. Ta fito daga itatuwa a hankali, jikinta duk busasshen taɓo, kunnuwa kamar tabarma, ɗanta na biye da ita. Isyaku ya manta da waya, ya manta da kansa, sai tasbihi yake, hawaye na zuba. Giwar ta miƙa hanci ta naɗo dawa runguma guda ta kai baki.

Malam Labaran ya rarumi garwa yana bugu yana ihu. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ƙara naɗo wata.

"Bakano, don girman Allah, tayar da babur ɗinka!"

Isyaku ya dubi giwar, ya dubi tsohon. Ya so a bar shi ya ƙara kallo ko da kaɗan ne. Ya cika idonsa da ita sau ɗaya, sannan ya haye babur ya taka, ya murɗa mai iya ƙarfinsa, ya danne oda. Giwar ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, ta yi wata ƙara da ta ratsa masa ƙirji. Sai ta juya, ta tura ɗanta gaba, daji ya rufe su.

Daf da magariba Garzali da Yahuza suka same shi, sun sha wanka a ruwan ɗumin Wikki da ke cikin dajin, wayoyinsu cike da hotunan birai.

"Kwantar da hankalinka," in ji Garzali. "Ba ka yi asarar komai ba. Ko kashinta ba mu gani ba."

Isyaku na zaune gefen tsohon, yana ba akuya ciyawa.

"Ni na gan ta," ya ce. "Ni kuma na kore ta."