Babu Mai Ɗibar Jinin Dokta

Kwalin ya iso ne bayan an sallami ɗalibai hutu. Mai gadi ya hau da shi bene, ya dire a bakin ɗakin bincike yana hura hannuwansa.

"Dokta, wannan kaya naki da sanyi yake! Kifi kika yi oda?"

Ta yi masa godiya, ya sauka. Da ta yaye ƙanƙarar da aka lulluɓe abin da ita, sai ga 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. A gindinta akwai ɗan gari ja mai duhu, kamar an kankaro tsatsa.

Mayogulobin ne na ɗan'adam, tatacce. Shi ne sinadarin da ke zaune cikin tsoka yana riƙe mata iskar da take aiki da ita, shi ne kuma ke sa nama ya yi ja. Idan tsoka ta ji rauni, ko ta zuciya ko ta wanda gini ya danne, sai ya tsiyayo cikin jini, in ya yi yawa har ƙoda yake kashewa. Dokta ta daɗe tana haɗa wani ɗan tsinken gwaji da zai nuna shi daga ɗigon jini, don amfanin ƙananan asibitoci marasa na'ura. Ba ta da hanyar sanin ko tsinken na aiki sai da wannan garin.

Su uku suka fara aikin. Ɗaya ta yi aure ta bi miji. Ɗayan, wanda suke kira Dogo, ya sami gurbi a wata ƙasa, ya tafi ya bar farar rigarsa a rataye bayan ƙofa.

Ta narkar da garin, ta rarraba shi cikin ƙananan robobi, ta jera a firiza. Saura abu guda: jinin mai lafiya da za ta zuba sinadarin a ciki. Da can ita da Dogo ke ɗibar wa juna, yana tsokanarta wai jijiyarta rowa gare ta. Asibitin makaranta kuwa an rufe saboda hutu.

Ta ɗaure damtsenta da roba, ta ja bakin da haƙori, ta soka allura. Ba ta samu ba. Ta sake, wurin ya kumbura ya yi shuɗi. Ta zauna tana danne shi da auduga, babu abin da ke motsi a ɗakin sai gurnanin firiza.

Sai ta tuna da yayarta, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Tun bayan rasuwar mahaifiyarsu ba ta taka gidanta ba. Ba faɗa suka yi ba. Innar ce dai ke haɗa su, da ta tafi kowa ya kama gabansa, sai gaisuwar waya jefi-jefi.

Ta tarar da Yaya a falo ita kaɗai, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, kujerun duk an rufe su da zannuwa. 'Ya'yanta sun watsu garuruwa.

"Wa nake gani haka? Auta? Ɓatan hanya kika yi?"

"Yaya, jini na zo ki ɗibar mini."

"Ai na san ba banza ba. Mu ga hannun." Ta duba kumburin, ta riƙe baki. "Wane mugu ne ya yi miki wannan?"

"Ni ce."

"Duk karatun nan? Kawo ɗayan."

Idon Yaya ya yi rauni saboda shekaru, don haka ba ta ma duba ba. Ta lalubo jijiyar da ɗan yatsa, allura ta shige, jini ya biyo. Auta ta lura rabonta da wani ya riƙe mata hannu haka har ta manta.

"Me za ki yi da shi?"

Ta yi mata bayani a taƙaice. Yaya ta gyaɗa kai.

"Na sha ganin irinsu. A ciro mutum daga ƙarƙashin mota yana magana garau, washegari fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Kafin sakamako ya dawo daga babban asibiti an gama." Ta manna mata filasta. "Zauna in ɗora ruwan shayi."

"Jinin ba zai jira ba, Yaya."

"To. Je ki."

Ta rako ta har bakin ƙofa, ta tsaya a nan. Da Auta ta waiwaya daga bakin titi, tana nan tsaye riƙe da audugar.

A ɗakin bincike ta juya jinin a na'ura har ruwansa ya taso sama, rawaya-rawaya. Ta raba biyu, ta zuba mayogulobin a rabi. Ta ɗiga kowanne a kan tsinkensa, ta harɗe hannu tana jira. Na farko, wanda babu sinadarin, ya fito da layi ɗaya, kamar yadda ya kamata. A na biyu, wani layin ya fara bayyana a hankali, har ya yi ja sosai.

"Kai, zo ka ga..." Ta juya wajen teburin Dogo, babu kowa a wurin.

Ta kira lambarsa, ba a ɗauka ba. Ta ɗauki hoton tsinken ta tura masa. Ta leƙa ta taga ko za ta hango mai gadi, ya zagaya baya. Ta daɗe tana juya wayar a hannu kafin ta kira Yaya.

"Ya yi, Yaya. Layin ya fito."

"Alhamdu lillahi! Shi ke nan an gama?"

"Ina! Yanzu aka fara. Sai na gwada da jinin mutane da yawa."

"To ai ni ma mutum ce. Ki zo da alluranki, in nuna miki inda ake sokawa. Amma wannan karon sai kin zauna."

"Zan zauna."

Ta ajiye wayar. Ta wanke kwalabe, ta goge tebur, ta tabbatar ƙofar firiza ta kama. Rana ta yi sanyi lokacin da ta kulle ɗakin ta sauko, takunta kaɗai ke amsawa a matakalar benen.