Ranar da Khairiyya Ta Ƙirga Shanu

A rugar su Khairiyya, can bayan Gwiwa, ba a ƙirga shanu. Ka tambayi Kawu Daudu nawa ne a garkensa, sai ya ce alhamdulillahi, ya kawo wani zancen. Kowace saniya ya san ta da launinta da halinta, amma ƙidaya a wurinsa kiran asara ce.

Khairiyya ta san da haka sarai. Sai dai tana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma lissafi ya shiga ranta. Kawun ne ya riƙe ta tun rasuwar babanta, shi ya saya mata keken zuwa makaranta duk da surutun dangi. Rannan Malama Priscilla mai koya musu lissafi ta ce kowa ya haɗo tambaya daga abin da ke gidansu, ya ɓoye adadi ɗaya ya kira shi x. 'Ya'yan gari suka kama kaji da tantabaru. Ita kuwa me gare ta in ba shanu ba?

Da safe ta tsaya bakin garke tana nuni da yatsa, leɓenta na motsi. Shanun tatsa sun ninka bijimai sau uku, maruƙa sun fi bijimai da biyar, duka arba'in. Ta tara, ta cire biyar, ta raba, bijimai bakwai suka fito cif. Tana murmushi ta ɗago kai, ta ga Kawu ya zuba mata ido. 

Malama ta karanta tambayar a gaban aji, har aka tafa mata.

Kafin damina ta ƙare ciwon huhu ya shiga garken. Ya taɓa rugage da yawa har wajen Roni, amma wa ke da kunnen jin wannan? Shanu suka yi ta faɗuwa. In ta shigo tsakar gida sai mata su yi tsit. Kawu ya rame, ya shigar da keken ɗakinsa, ya ce ta ɗan huta da makarantar. Abin da ya fi yi mata ciwo, ko faɗa bai yi mata ba.

Malama ta hau mashin ta zo har ruga. Ta durƙusa ta gaida Kawu, ta ce cuta ce mai yawo, likitan dabbobi ma ya faɗa, ga jarrabawa ta matso. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce shi bai hana ba, a tambayi yarinyar. In ta ce za ta koma, ga keke nan.

Aka kira Khairiyya. Ta tsuguna, kanta a ƙasa, tana son makarantar nan kamar ranta.

"Malama, ki yi haƙuri," ta ce. "Ni kaina ban tabbata ba cewa ba ni na jawo wannan asarar ba. In na koma, wani abin za ki ce in ƙirga, kuma kaɗan suka rage wa Kawu."

 Malama ta miƙe ta yi sallama, ta koma Gwiwa ita kaɗai.