Kifayen Doña Hilaria

Ran da aka watse bikin waliyyin garinmu, Doña Hilaria tana kwashe tukunyar tamal, alalen masarar da take sayarwa, ta hangi Don Evaristo, mai rumfar jifa, yana jan bokiti zuwa bakin kwata. Kwana tara ya yi yana raba jajayen kifayen ado a cikin leda ga duk wanda ya jefa zobe ya faɗa wuyan kwalba. Ledojin a rana suke yini, ruwan ya yi ɗumi kamar shayi. Ragowar ce zai zubar.

"Don Evaristo, da ransu fa," in ji ta.

"Da ransu yau, Doña. Ni motar da zan hau ba ta ɗaukar fasinja mai iyo. In kina so kwashe, ki yi miya."

Ta kwashe, su talatin da ɗaya. A gida ta juye su a baho, ta cika shi da ruwan famfo mai sanyi, ta marmasa musu tortiya, gurasar masara, har ta rufe saman ruwan. A ganinta gata ta yi musu. Washegari goma sha biyu sun juya ciki sama.

Ta tafi wurin Doctora Ofelia, likitar dabbobi, wadda aikinta shanu da aladu ne amma ba ta yi mata dariya ba. Ta ce maganin da ake zubawa a ruwan famfo ƙona su yake yi, sai a tara ruwan ya kwana ya yini kafin a ba su. Kada a sauya shi gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin uku ya isa. Abinci ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta, sau ɗaya a rana. Baho kuma ya yi musu kaɗan, kuma a nema musu inuwa.

Sai Doña Hilaria ta bar musu tankin siminti na tsakar gida, ita ta koma wanki a bokiti. Duk da haka aka yi ta mutuwa har mako biyu. Tara suka tsira, suka yi ta girma har suka kai tsawon tafin hannu.

Da ƙanenta Nicanor take zaune, tsohon direba da ciwon suga ya cinye wa ƙafa ɗaya. Da farko tsiya yake mata.

"Yaya, shekara sittin ina ƙanenki, ban taɓa ganin kin kwanar da ruwa domina ba."

"Ran da ka iya kama bakinka kamar su, za a kwanar maka."

Amma shi ne ya koma yini a bakin tankin a kan kekensa na guragu. Ya san mai zalama, ya san mai tsoro, kuma in ya sa yatsa a ruwa sai su taso.

Da damina ta sauka zazzaɓin denge ya shigo unguwa, ya kashe yara biyu a layinmu. Aka turo masu feshin maganin sauro gida-gida. Ranar da suka iso Doña Hilaria tana kasuwa, Nicanor ne ya buɗe ƙofa. Ya gaya wa mai feshin akwai kifi a tanki, amma mutumin hancinsa da bakinsa a rufe, inji yana ruri a bayansa, ya gyaɗa kai kawai ya wuce. Akwai fallen kwano da ake rufe tankin da shi, jingine da bango. Nicanor ya jawo shi, ya fi ƙarfinsa, ya kife da shi da keken. Yana kwance a ƙasa farin hayaƙin ya sauka a kan ruwan.

Da tsakar rana ta dawo ta same shi a ƙasa, gwiwar hannunsa tana jini.

"Bar ni, Yaya. Duba su."

Kifayen suna ta juyi a saman ruwa, bakinsu a buɗe. Ta ruga ga bokitan ruwan da ta kwanar, ta tarar da maiƙon maganin yana yawo a kansu su ma. Ruwan famfo kaɗai ya rage, kuma ta san abin da yake yi. Ta tsaya jim da hannu a kan famfon, sannan ta murɗa.

Kafin rana ta yi sanyi babu ko ɗaya da rai. Ta ɗaga ƙanenta, ta wanke masa ciwon, ta binne kifayen a gindin lemo don kada kyanwa ta ci ta bi su. Maƙwabta suka ce gara kifi da yaro, ta ce gaskiya ne, ba ta musa ba.

Nicanor bai ƙara fitowa tsakar gida ba. A ɗaki yake yini, rediyo a kunne, ba ya saurare. In ta kai masa abinci sai ya ce nauyin fallen kwanon nan na tanki ai bai taka kara ya karya ba, da yana da ƙafa biyu da hannu ɗaya zai ɗaga shi. Ita kuma ta ce ya ci tun bai huce ba.