Jinyar Tautau a Sri Petaling

Iyayen Ja'afar sun turo shi Malesiya ya karanci kwamfuta, shi kuwa da yake Allah ya yi masa basira, sai ya ɓuge da kiwon tautau. Ba irin na bayan katifa ba, wani mai gashi da Turawa ke kira tarantula. Ya sayo ta tana kamar ƙwayar gero, ya raɗa mata Walida, wata tara yana lallashinta cikin robar tapau, irin ta ƙunso abinci, da ya huhhuda wa murfi har ta kai girman kan kwalba.

Da hutun ƙarshen 2007 ya zo, zai tafi Kano, sai ya danƙa wa abokin ɗakinsa Ubale amanarta. Ubale tsoron tautau yake yi tun yana yaro, don kakarsa ta ce fitsarinsa ke fesa wa mutum ƙuraje. Amma Ja'afar ne ya ɗauke shi a ɗakin nan na unguwar Sri Petaling lokacin da bai san kowa ba, kuma wannan ne karo ɗaya tak da ya taɓa roƙon Ubale wani abu. Umarnin bai da yawa: gyare ɗaya duk sati, a jiƙa ƙasar kaɗan.

Sati na biyu gimbiya ta ƙi abinci. A na uku ma ko kallon gyaren ba ta yi ba. Hankalin Ubale ya tashi sosai, har nasi lemak, shinkafar kwakwa ta gidan abincin mamak, ta daina yi masa daɗi. Ya kira Kano, katin waya ya ƙare a kan gaisuwa.

Ran Talata ya dawo daga laccar kwas ɗin hutu ya tarar da ita rigingine, ƙafafu takwas a sama. Ya hura mata iska, ƙafa ɗaya ta motsa. Ubale ɗan gidan mutunci ne, ya san yadda ake jinya: marar lafiya ba a barinsa da yunwa, ɗura masa ake yi. Ya zuba mata gyare shida masu ƙiba, ya yi addu'a, ya tafi kedai, wato shago.

Da safe ya ga gawarta a bushe, ba nauyi. A lungun robar kuma gyaren sun taru kan wani abu fari-fari mai laushi suna ta ci. Bai tsaya bincike ba, ƙazantar tautau ai ba abin kallo ba ce. Ya naɗe gawar a tishu, ya kwana goma yana shirya kalaman ta'aziyya.

Da Ja'afar ya dawo, Ubale ya miƙa masa tishun da hannu biyu, ya ce sai haƙuri, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ja'afar ya buɗe, ya duba, sai ya tuntsire da dariya ya rungume shi.

"Ba ta mutu ba lah, saɓa ta yi! Wannan fata ce kawai. Haka suke kwanciya, su fito da sabon jiki, very soft, shi ya sa ba a barin ko gyare ɗaya kusa da su. Guy, na gode, ka riƙe amana."

Ya saki Ubale, yana share hawayen dariya, ya waiga kan tebur.

"To ina take?"