Ruwan Shuka Ya Sami Magagi a Damagaram

Magagi yana Damagaram, gidan ɗiyarsa Samiratu, yana jinyar ƙafa, aka kira shi a waya daga garinsu Filingue. Ƙanensa Hamidu ne.

"Yaya, ruwan shuka ya sauka jiya. Ƙasa ta sha har kamu ɗaya."

Magagi ya ajiye wayar a hankali. A gidansu ba a jefa iri sai babban gida ya sara ramin farko da sungumi, ya zuba gero da hannunsa. Haka kakanni suka bari, kuma shekara arba'in bai taɓa fashi ba. Ya san ƙasarsu ta Kurfey kamar tafin hannunsa. Rairayi ce, ba ta riƙe laima fiye da kwana biyu. In ta bushe, sai a jira wani ruwan, kuma babu mai sanin ranarsa.

Ya fara lissafi da yatsu. Motar gobe ta riga ta cika, sai ta jibi. Wuni guda zuwa Yamai, a kwana, sannan a kama hanyar Filingue.

"Shi ke nan, ta bushe," in ji shi.

"Baba, gobe da safe akwai jirgi," in ji Samiratu. "Awa ɗaya da rabi, ko biyu, kana Yamai."

"Ke, ɗiyar nan! Hanyar da na taɓa bi da jakai kusan wata guda?"

"Ta ƙasa kilomita ɗari tara ce, tana lanƙwasa ta Maradi da Doso. Ta sama ɗari bakwai da 'yan kai."

Tsohon ya ɗauki tsinke ya ja layi mai karkata a ƙasa, ya ja wani miƙaƙƙe a gefensa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ashe hanyar shamuwa ce," ya ce. "Shi ya sa kullum take riga mu sanin damina. To, a kai ni."

Bai taɓa hawa abin da ya fi raƙumi tsawo ba, amma bai nuna tsoro ba. Sai dai ya ƙi yarda ya tafi babu guzuri. Ya sa aka ɗaure masa dakuwa da dabino na kwana biyu, don matafiyi ba ya dogara da alkawarin hanya.

A sama bai rufe ido ba. Ya manna goshi a taga yana karanta ƙasa: nan an yi ruwa, nan ba a yi ba, can gulbi ya ɗauko. Yana shirin kwance ƙullin dakuwa aka ce a ɗaura bel, za a sauka.

Daga Yamai zuwa Filingue kuwa, hanyar da ba ta kai kilomita ɗari biyu ba, sai da ta ci awa huɗu. A motar ne ya raba guzurin ga fasinjoji.

La'asar sakaliya ya isa gona, bai ko biya gida ba. Hamidu da iyalai suna zaune a gindin gawo, iri cikin ƙwarya, babu wanda ya taɓa. Magagi ya durƙusa da ƙafar ciwon, ya cusa hannu cikin rairayi. Sanyi ya kama yatsunsa.

"Yaya, yaya sama?" in ji Hamidu.

"Labari sai an gama. Miƙo sungumi."