Rabo Mai Faci Ya Shiga Gulbi

Shekara talatin da ɗaya Rabo yana facin taya a bakin tashar manyan motoci ta Gaya. Gulbi yana nan bayan gari tun kafin a haife shi, amma bai taɓa shiga ruwan ya wuce gwiwarsa ba. Sai shekarar da aka rufe gadar kan iyaka. Kamyo, babbar motar kaya, ya daina zuwa, ya daina tafiya. Rabo ya zauna a rumfarsa yana korar ƙuda, tsofaffin robobin cikin taya sun yi tuli a bayansa.

Abokinsa Yazidu mai shayi, wanda teburinsa ke jikin rumfar, shi ma haka yake zaune, don direbobi ne masu shan shayinsa. Kullum su biyu sai kallon bidiyo a wayar Yazidu. Wata ranar bazara suka ci karo da wasu Turawa kwance a kan robobi, ruwa yana tafiya da su, suna jefa ƙugiya. Da yamma suka kafa tanti a bakin ruwa suna gasa kifi.

Rabo ya ce, "Yazidu, dubi abin da suke kwance a kai."

"Na gani. Roba ce."

"Irin tawa ce. Tawa ma ta fi, tasu ta ƙaramar mota ce."

Kwana uku Rabo bai huta ba. Ya zaɓi robobi shida, ya liƙe hujinsu, ya hura, ya ɗaure su da igiya, ya shimfiɗa katakai a sama. Matarsa Ajuma ta zo kawo masa abinci, ta tsaya tana kallo, kwano a hannu.

Ta ce, "Malam, kai da yayyafi kaɗan yake sa ka rufe taga?"

"Wancan ruwan sama ne. Wannan na ƙasa ne."

Ta ga ba za ta iya hana shi ba. Sai ta ce to, a ƙalla su je su ji shawarar Seyni, masuncin nan na wajen Tounouga da take sayen kifi a wurinsa.

Suka tura jirgin a amalanke har bakin ruwa, inda Seyni yake sauke kifi. Seyni Dendi ne, Hausarsa ta kasuwa ce, gajeruwa, ba ya ɓata kalma. Ya zagaya jirgin sau biyu, ya danna shi da ƙafa, ya faɗi wani abu da Dendanci.

Rabo ya ce, "Me ka ce?"

"Addu'a na yi muku."

Sannan ya tsuguna ya fara. "In kun shiga, zaune. Ko kifi ya kai jaki girma, zaune. Tsutsar tana za ku sa a ƙugiya, ku tono a bakin laka. In kun kama kifi mai ƙiba, santsi, babu ɓawo, jiki tabo-tabo, kada hannu. Minjirya ce, ku yanke zare ta tafi. Wurin kwana kuma, in kun ga yashi mai kyau, babu ciyawa, kamar an share, ku tambayi kanku wa yake share shi."

Rabo yana gyaɗa kai, amma hankalinsa yana kan inda zai rataye rediyo. Yazidu kuwa ya ce kada a damu, duk yana ɗauka a waya. Seyni ya ara musu filafilin tuƙi ɗaya, ya bi su da ido yana girgiza kai.

Washegari da hantsi suka tura jirgin a ruwa. Sun ɗora tukunyar dambun da Ajuma ta yi musu, da ƙuli-ƙuli, da bidon ruwa, da tsohon tamfol na kamyo, da furno, murhun gawayin Yazidu, da jakar kayan facin Rabo. Jirgin bai nutse ba. Rabo ya dubi mutanen da suka taru a gaɓa kamar wanda aka ba lambar yabo.

Abin da bai lura ba shi ne jirginsa ba shi da gaba, ba shi da baya. Yana sa filafili sai abin ya fara juyi. Ga Gaya, ga Malanville a ƙetare, ga Gaya kuma. Ya ƙara ƙarfi, juyin ya ƙaru. Matan da ke wanki a gaɓa suka bar wankin, ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Bayin Allah, ku zaɓi ƙasa ɗaya mana!"

Yazidu ya rufe ido ya ce, "Rabo, don girman Allah ajiye itacen nan. Karin kumallona yana neman hanya."

Da Rabo ya ajiye filafilin sai gulbin ya ɗauke su a hankali, ya yi gabas da su. Garin ya koma baya. Suka wuce gonakin shinkafa, suka wuce balbelu jere a kan wani kututture. Iska mai sanyi tana tasowa daga ruwa. Rabo ya cire takalmi, ya zura ƙafa ɗaya, ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Wata da watanni ke nan bai yini ba tare da tunanin gada ba.

Yazidu ya ce irin wannan zama sai da shayi. Ya hura gawayi, ya ɗora buta. Yana fifita sai garwashi ɗaya ya faɗa tsakanin katakai. Ba wanda ya gani. Can sai suka ji wani huci daga ƙarƙashinsu, fuuu.

Yazidu ya daskare. Ya ce da raɗa, "Dorina."

Rabo ya karkata kunne. "Ba dorina ba ce. Roba ce, ta baya, ta hagu."

Nan Yazidu ya ga abokinsa ya zama wani mutum. Rabo ya kwanta rub da ciki, ya laluba, ya kama babban yatsan Yazidu ya danna a hujin ya ce kada ya motsa. Ya jawo gefen robar sama, ya tsane ta da hularsa, ya kankare, ya shafa kol na liƙi, ya manna faci, ya hura. Kafin shayi ya tafasa an gama. Yazidu ya ce da ma gulbin taya ne, da sun huta.

Bayan azahar suka fara fatsa. Jifan farko, ƙugiyar Rabo ta kamo hular Yazidu. Na biyu ta kamo wani tsohon taru da ruɓaɓɓen takalmi a ciki. Na uku ne zare ya miƙe, sandar ta lanƙwashe.

"Ya kama! Wallahi ya kama!"

Su duka biyu suka miƙe tsaye. Jirgin ya karkace, tukunyar dambu ta sulale a hankali, kamar mai sallama, ta shige ruwa. Ba su ma kula ba, don kifin ya taso, ƙato, mai ƙiba, yana sheƙi, jikinsa tabo-tabo. Yazidu ya kai hannu biyu ya rungumo shi don murna.

Ihun da ya yi sai da balbelu suka tashi. Ya saki hannu ɗaya ya cafki kunnen Rabo don neman taimako, sai abin ya bi ta kunnen ya sauka har tafin ƙafa. Rabo ya ji kamar ranar da ya taɓa wayar lantarki da jiƙaƙƙen hannu. Kifin ya koma ruwa, ya tafi da ƙugiya da zare da sanda. Yazidu ya zauna daɓas, ido a waje, ya fara karanto ranakun mako da Faransanci, abin da bai yi ba tun da ya bar makarantar lakwal.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Ina jin wannan ce Seyni ya ce."

"Ita ce."

Da la'asar sakaliya suka hango wani tsibiri. A tsakiyarsa akwai wani fili na yashi, fari, lumui, ba ko tsinke. Suka samu da ƙyar suka raɓa jirgin, suka kafa turke suka ɗaure shi.

Rabo ya ce, "Seyni ya yi maganar yashi mai kyau. Cewa ya yi me?"

"Ina jin cewa ya yi mu neme shi. Bari mu ji." Yazidu ya kunna wayar. Ba abin da ya fito sai ƙarar iska, da kukan wata akuya, da muryar Yazidu kansa yana cewa kada a damu, duk yana ɗauka.

Suka kafa tamfol a tsakiyar filin, filafili ya zama ginshiƙi. Yazidu ya shanya jiƙaƙƙen wandonsa a sama, ya zauna da gajere. Suka yi sallolinsu, suka ci ƙuli-ƙuli da shayi. Sauron wurin kuwa, Rabo ya ce in da yana da taya da an yi masa faci.

Gari na wayewa Rabo ya ji ana hura masa iska mai ɗumi a wuya. Ya ce, "Yazidu, matsa." Aka ƙara hurawa, aka lashe shi. Ya buɗe ido ya ga hancin saniya, bayanta wata, bayanta wasu kamar ɗari. Ashe filin nan hanyar garke ne, nan shanu suke bi kowace safiya in za su ƙetare zuwa kiwo. Wani bijimi ya zura ƙaho a tamfol ya ɗaga. Tanti ya tashi tsaye ya kama tafiya, wandon Yazidu yana kaɗawa a samansa kamar tuta. Wata saniya ta tsaya ta cinye sukari har da ledar. Wata kuma ta taka turke ta tumɓuke shi.

Suna tsaye suna kallo jirgin ya bar gaɓa shi kaɗai, rediyo yana lilo a jikinsa. Abin da ya fi ba Rabo haushi shi ne, da babu kowa a kai, tafiya yake sambal ba juyi.

Mai shanun, wani dattijon Bafillace, ya iso yana dariya har yana dogara sanda. Ya ce shekara arba'in yana bin hanyar nan, bai taɓa ganin wanda ya gina gida a kanta ba. Suka tambaye shi yadda za su fita. Ya ce ai ruwan bazara ne, iyakarsa ƙirji, kowa ya kama wutsiyar saniya kawai.

Rabo ya ce, "Ƙirjin wa? Nawa ko na saniya?"

Ba wata hanya. Ya ɗaure jakar kayan facinsa a ka, don da ita ya yi matashi shi ya sa ta tsira. Ya zaɓi wata saniya mai fuskar haƙuri, ya riƙe wutsiya da hannu biyu, ya runtse ido. Ruwa ya wuce gwiwa, ya wuce cibiya, ya zo wuya. Duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, har da ta shiga kasuwa. Saniyar kuwa a tsakiyar ruwa ta ga dama ta yi abin da shanu suke yi. Rabo bai saki ba.

A gaɓa suka tarar da wata tsohuwa tana juya kifi a kan banda. Sunanta Safi, ƙauyensu na nan kusa da Tounouga. Ta dubi Rabo, ta dubi Yazidu da gajeren wandonsa. Ta kwance zanen da ta yafa ta miƙa wa Yazidu, ta nuna wa Rabo sabulu, sannan ta zuba musu kunu.

Rabo yana shan kunu idonsa ya faɗa kan amalanken jakinta, taya ɗaya a kwance. Ya ce, "Inna, tun yaushe?"

"Wata biyu, ɗana. Mai gyara sai Gaya."

"To ai Gaya ta zo."

Kafin rana ta take, labari ya zagaya ƙauye. Aka kawo moto uku, keke biyar, amalanke biyu, har da wani mai ƙwallon da ya sace. Rabo ya baje kayansa a gindin mangwaro yana aiki yana waƙa. Masu kayan suka riƙa ajiye masa bandar kifi, har kwando ya cika. Yazidu, cikin zanen atamfa mai hoton agogo, shi ke hura famfo.

Da azahar sai ga Seyni a kwalekwalensa, yana jaye da jirgin robar. Ya ce a tarunsa ya same shi, rediyo yana ta labarai. Ya dube su sama da ƙasa. Ya buɗe baki zai yi tambaya, ya ga zanen Yazidu, ya fasa. Filafilinsa kawai ya nema, aka ce yana wajen wani bijimi.

Matan ƙauyen suka roƙi Rabo ya bar musu robobin su yi guga da su, ya bar musu. Safi ta ɗaura wa jakinta amalanke ta kai su har bakin gudro, wato kwalta, suka samu mota.

Ajuma ta buɗe kwandon, ta ɗauki kifi ɗaya ta sansana. Ta ce, "Malam, yanzu kifin gulbi da hayaƙinsa yake fitowa?"

Rabo ya so ya ƙirƙiro wani abu, amma gajiya ta hana. Ya zauna a tabarma ya ba ta labari tun daga farko, bai rage ko wutsiyar saniya ba. Ta yi dariya har ta riƙe bango, ta kira maƙwabciya ta ce a sake daga wurin tanti. Daga wannan makon, duk Laraba Rabo yana ɗaura jakarsa a bayan moto ya tafi ƙauyen Safi, Yazidu a baya rungume da butar shayi. Ranar da suka dawo kuwa miyar kifi aka yi, Rabo ya ci malmalar tuwo uku, ya yi barci a zaune kafin a kwashe kwanoni.